Sauro Ya Ciji Miji a Ƙetare, Matar Ta Kwanta Ciwo a Gida

A watan Agustan 2008 wani masanin ƙwari na Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka, Brian Foy, ya je kudu maso gabashin Senegal tare da ɗalibinsa suna kama sauro domin binciken zazzaɓin maleriya. Aiki ne da ba a yin sa sai an sha cizo. Sun koma gida lafiya lau, amma kafin a cika kwana goma duk su biyun suka kwanta: ƙuraje a jiki, ciwon gaɓoɓi, ciwon kai da kasala. Shi Foy har da zafin fitsari, aka kuma ga jini a maniyyinsa. Kwanaki kaɗan a tsakani sai ga matarsa ta kwanta da irin wannan ciwo, ita da ba ta taka ƙasar Senegal ba. 'Ya'yansu huɗu da ke kwana ɗaya da su a gidan kuwa babu wanda ko kansa ya sara.

An yi zaton denge ce, wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa, gwaji bai gamsar ba, aka adana jinin a firji. Sai bayan kusan shekara ɗalibin ya haɗu da wani mai bincike, Andrew Haddow, jikan Alexander Haddow, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano ƙwayar cutar Zika a dajin Zika na Yuganda a 1947. Shi ya ce su gwada Zika. Aka gwada, sai ga alamarta a jinin su ukun. A arewacin Kolorado babu irin sauron da ke ɗaukar wannan cuta, kuma da zaman gida ɗaya ke kawo ta da yaran ba su tsira ba. Hanya ɗaya ta rage, ita ce shimfiɗar aure. An buga wannan bayani a 2011, kuma a lokacin kusan babu wanda ya waiwaye shi, domin Zika ba cuta ba ce da ake tsoro.

Wannan labari ya nuna dalilin da ya sa kusan duk abin da aka tabbatar game da yaɗuwar cututtukan sauro ta hanyar saduwa daga matafiya aka samo shi. A garin da annoba ke ci, in miji ya kwanta, bayan mako biyu matar ta kwanta, babu likitan da zai iya rantsuwa cewa daga gare shi ta ɗauka, tunda sauron da ya cije shi yana nan a ɗakin, ko wani ɗan'uwansa. Amma in mutum ya sauka daga jirgi a garin da babu sauron, ko a tsakiyar hunturu lokacin da sauro ba ya motsi, sannan matarsa da ba ta je ko'ina ba ta kamu, to an cire sauro daga lissafi. Matafiyi ba ya fin mazaunin ƙasar annoba haɗarin yaɗa cutar ta wannan hanya. A jikinsa ne kawai ake iya ganin abin a fili.

A ƙarshen 2013, lokacin annobar Zika a tsibiran Folinesiya na Faransa, wani mutum a Tahiti ya je asibiti saboda jini a maniyyi, aka samu ƙwayar cutar da ranta a cikinsa alhali jininsa ya riga ya washe. Daga nan cutar ta shiga Birazil, a 2015 aka fara ganin jarirai da yawa ana haihuwarsu da ƙanƙantaccen kai, kuma ranar 1 ga Fabrairun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Kashegari hukumomin lafiya na Dallas a jihar Teksas suka sanar da cewa wani ya kamu da Zika ta hanyar saduwa da wanda ya dawo daga Benezuwela. A cikin wannan shekara rahotanni suka yi ta fitowa daga Faransa, Italiya, Jamus, Sifaniya, Kanada, Niyu Zilan da wasu ƙasashe. Mafi yawa daga namiji ne zuwa mace. An samu tsakanin namiji da namiji, a watan Yuli kuma birnin New York ya ba da rahoton farko na macen da ta dawo daga tafiya ta shafa wa namiji. Abin da ya fi tayar wa likitoci hankali shi ne rahoton jihar Maryland: mutum ya dawo daga Jamhuriyar Dominika bai ji ko ɗumin jiki ba, amma matar da ya sadu da ita ta kamu.

Alƙaluma suna taimakawa a auna girman abin yadda yake. A 2016 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙidaya mutum 5,168 da suka nuna alamun Zika a jihohin ƙasar. Daga cikinsu 4,897 matafiya ne da suka kwaso ta a waje, 224 sauron cikin gida ne ya cije su, 45 kuma ta hanyar saduwa. Wato ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Mai son ya raina lamarin zai tsaya a nan. Sai dai waɗannan 45 su ne waɗanda suka yi ciwo, suka je asibiti, aka kuma yi tunanin a gwada su. Kimanin mutum huɗu cikin biyar da Zika ta shiga jikinsu ba sa jin komai. In mijin bai ji komai ba, matar ma ba ta ji komai ba, babu takardar da za ta ɗauki sunansu. Idan matar tana da ciki, za a iya wuce watanni kafin hoton ciki ya nuna kan jaririn ba ya girma yadda ya kamata.

A nan ne nauyin maganar yake, a ganina. Ga baligi mai lafiya, Zika yawanci ciwon kwana biyu zuwa bakwai ne: zazzaɓi mara tsanani, ƙuraje, jan ido, ciwon gaɓoɓi, sai ta wuce. Kaɗan ne take jawo wa ciwon shanyewar jijiyoyi da ake kira Guillain-Barré. Amma ga ɗan tayi ƙwayar tana ratsa mabiyiya ta kai ga ƙwayoyin da ke gina ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na jariran da uwayensu suka kamu suna da ciki sukan zo da wata matsala: ƙanƙancewar kai, lalacewar gani ko ji, sandarewar gaɓoɓi, farfaɗiya, ban da ɓari da haihuwar bakwaini. Har yau babu allurar rigakafin Zika da aka amince da ita, babu kuma maganin da ke kashe ƙwayar. Mace mai juna biyu tana iya bin duk shawarar da aka ba ta, ta fasa tafiya, ta zauna a ƙasar da babu sauron sam, cutar kuma ta iske ta a kan gadonta. Saduwa kuma ita ce ainihin abin da ke kawo cikin, saboda haka hanyar da cutar ke bi da lokacin da ta fi ɓarna sukan haɗu wuri ɗaya.

To me ya sa ƙwayar da sauro ke zubawa a jini take ɓuya a maniyyi? A jini ba ta daɗewa. Bayan cizo, kwana 3 zuwa 14 alamu ke fitowa in za su fito, kuma cikin mako guda ko biyu garkuwar jiki ta share ta daga jini. Amma akwai wuraren da jiki da kansa ya hana sojojin garkuwarsa shiga da ƙarfi: ƙwaƙwalwa, cikin ido, mabiyiya, da 'ya'yan maraina. Dalilin na maraina a fili yake. Namiji ba ya fara yin ƙwayoyin haihuwa sai ya balaga, lokacin da garkuwar jikinsa ta daɗe da sanin nata da baƙo. Da za ta ci karo da su kai tsaye, da ta ɗauke su abokan gaba ta hallaka su. Don haka wasu ƙwayoyin halitta masu suna Sertoli suke manne wa juna su zama katanga tsakanin jini da bututun da ake ƙera maniyyi. Duk ƙwayar cutar da ta samu ta tsallake katangar nan ta shiga inda ba a cika bin sawunta ba. Shi ya sa ake iya samun Zika a maniyyi da yawan da ya ninka na jini nesa ba kusa ba, a daidai lokacin da gwajin jini ke cewa babu komai.

Ba maraina kaɗai ba ne maɓoyarta. An samu ƙwayar a maniyyin mazan da aka yi wa aikin ɗaure jijiyar haihuwa, wanda ke nufin tana iya zama a sauran sassan da ke samar da ruwan maniyyi, kamar ƙullutun furostet da ke ƙarƙashin mafitsara. Wanda aka yi wa wannan aiki kada ya ɗauka ya fita daga lissafi. A jikin mace kuwa ƙwayar ba ta cika daɗewa a ruwan farji ba, yawanci kwanaki ne zuwa makonni kaɗan, shi ya sa wa'adin da ake ba mata ya fi na maza gajarta. Wani bincike da aka yi a tsibirin Guadeloupe ya nuna yawan ƙwayoyin haihuwa na maza yana raguwa a makonnin farko bayan ciwon, sannan ya farfaɗo cikin watanni kaɗan.

Tambayar da kowa ke yi ita ce: har tsawon wane lokaci? A nan aka fi samun ruɗani, kuma ya samo asali ne daga irin gwajin da ake yi. Gwajin PCR ba ƙwaya mai rai yake nema ba, burbushin ƙwayar halittarta yake nema, wato RNA. Kamar mutum ne ya ga toka a murhu: tokar ta tabbatar an hura wuta, amma ba ta gaya masa ko akwai sauran garwashi a ƙarƙashi ba. Sanin ko ƙwayar tana da rai sai an zuba samfurin a kan ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje an ga ta hayayyafa. A 2016 likitoci a Italiya suka samu burbushin Zika a maniyyin wani da ya dawo daga Haiti, kwana 188 bayan fara ciwonsa. Wani babban bincike na CDC da aka buga a 2018 ya same shi har kwana 281 a jikin wani. Amma a wannan binciken dai, samfura uku kacal cikin 78 da aka gwada ne ƙwayar ta tsiro a cikinsu, kuma duk ukun an karɓe su ne cikin kwana 30 na farkon ciwo. Mafi tsawon lokacin da aka ruwaito an tsirar da ƙwaya mai rai daga maniyyi shi ne kwana 69, a Sifaniya. Mafi nisan tazara tsakanin ciwon miji da saduwar da ake jin ita ta kawo wa matar cutar bai wuce kwana 41 ba, a wani rahoto daga Faransa.

Wannan ne ya sa shawarar hukumomi ta yi ta sauyawa, har wasu suka ɗauka hukumomin ba su san abin da suke yi ba. A farkon 2016 makonni takwas ake cewa ga wanda ya dawo ba tare da alamu ba. Da rahotannin burbushin da ke kai watanni suka fito, aka miƙa wa'adin maza zuwa wata shida. Da aka gane yawancin wannan burbushi matacce ne, CDC ta rage zuwa wata uku a watan Agustan 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta tsaya a kan haka a ƙa'idojinta na 2020. Ni ban ga aibu a wannan sauyi ba. Lokacin da ba a sani ba, kuma lafiyar ƙwaƙwalwar jariri ce a kan gaɓa, tsawaitawa shi ne daidai. Da sani ya zo, ci gaba da ɗora wa ma'aurata wata shida zai zama wahala ba gaira ba dalili, musamman macen da shekaru suka fara ja kuma take neman haihuwa, wadda kowane wata yake da daraja a wurinta.

Ga yadda ƙa'idar take yanzu. Namijin da ya dawo daga inda Zika ke yawo ya yi amfani da kwaroron roba, ko ya ƙaurace wa saduwa, har wata uku. Mace wata biyu. Ana ƙirgawa daga ranar da aka baro ƙasar, ko daga ranar da alamu suka fara in an yi ciwo. Masu shirin samun ciki su jinkirta har wa'adin ya cika. In kuwa matar tana da ciki, babu maganar wata uku: kariya ce har ta sauka. Ƙa'idar ta hau kan wanda ya yi ciwo da wanda bai ji komai ba, ta kuma shafi kowace irin saduwa. Maganin tsarin iyali na sha ko na allura yana hana ɗaukar ciki ne kawai, ba ya tare ƙwayar cuta.

Wani zai ce, ai sai a yi gwaji a huta. Gwajin ba ya ba da hutun da ake nema. Jini yana iya fitowa fes alhali ƙwayar tana maniyyi. Gwajin maniyyin kansa ba a ba da shawarar a dogara da shi ba, domin ƙwayar tana iya ɓacewa a samfurin yau ta bayyana a na mako mai zuwa, in kuma an ga burbushi ba a san ko mai rai ba ne. Gwajin da ke neman sojojin garkuwa a jini shi ma yana da nasa cikas: Zika da denge da zazzaɓin shawara dangi ɗaya ne, wanda ya taɓa yin denge ko aka yi masa allurar shawara gwajinsa yana iya nuna Zika alhali ba ita ba ce. Wannan ne ma ya ɓatar da masu binciken Kolorado tun farko. Jiran wa'adi ya fi takardar gwaji tabbas.

Sauran cututtukan sauro labarinsu ya sha bamban, kuma bai kamata a haɗa su da Zika a kwando ɗaya ba. A ƙarshen 2019 hukumomin Madrid suka tabbatar da wani mutum da ya kamu da denge ba tare da ya bar Sifaniya ba, bayan saduwa da namijin da ya dawo daga Kuba. An samu ƙwayar a maniyyin su biyun, iri ɗaya da wadda ke yawo a Kuba, kuma masu binciken ƙwari ba su ga sauron da ke ɗaukar ta ba a inda suke zaune. Kafin nan akwai rahoto daga Koriya ta Kudu na macen da ta dawo daga Indonesiya, wadda ake kyautata zaton ta shafa wa namiji. Amma a tuna cewa a 2024 kaɗai sama da mutum miliyan 14 aka ba da rahoton sun kamu da denge a duniya, kuma shekara da shekaru dubban matafiya ke komawa da ita ƙasashen da babu sauronta. Da tana bin saduwa kamar Zika, da an gani tuntuni. Abu ne mai yiwuwa amma mai wuyar aukuwa ƙwarai. Chikungunya, zazzaɓin shawara da zazzaɓin Rift Valley duk an taɓa ganin burbushinsu a maniyyi, amma ganin burbushi daban, kamuwar wani daban. A 2024 an tsirar da ƙwayar Oropouche mai rai daga maniyyin wani da ya koma Italiya daga Kuba, kwana 16 da fara ciwonsa. Ita wannan ƙananan ƙudaje masu cizo ne suka fi yaɗa ta, kuma ana sa mata ido sosai saboda an ga alamun tana taɓa ɗan tayi a Birazil.

Akwai wani ɓangaren da takardun likitoci ba su cika taɓawa ba, kuma ina ganin shi ke sa mutane yin shiru. Da an ce cuta ta bi ta saduwa, zuciya sai ta tafi ga cin amana. Miji ya dawo daga tafiyar aiki ko kasuwanci, ya ce wa matarsa za su yi wata uku da kwaroron roba, tambayar farko da za ta zo mata ita ce me ya aikata a can. Shi ma ya san za ta yi wannan tunani, sai ya zaɓi ya yi gum. Alhali kuwa sauro ne ya cije shi, mai yiwuwa da rana tsaka a bakin otal ko a cikin mota, domin sauron Aedes, mai ɗaukar Zika, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma yamma. Babu laifin da ya yi. Ya fi sauƙi a yi maganar tun kafin tafiya, su biyun su ji daga bakin likita cewa ƙasar da za a je tana da Zika, ga kuma abin da za a yi in an dawo. Maganar da aka yi kafin a ɗaure kaya ba ta zama abin zargi.

Su ma ma'aikatan lafiya akwai gyara a tambayar da suka saba yi. Mai ciki ta zo awo da ƙuraje da jan ido, aka tambaye ta ko ta yi tafiya kwanan nan, ta ce a'a, sai a rufe wannan babi. Tambaya ta biyu ita ce mai amfani: maigidanki fa, ya yi tafiya a watannin nan, wace ƙasa, yaushe ya dawo? Ba ta cin minti ɗaya, kuma ita ce ke bambance wadda za a bi cikinta da hoto akai-akai da wadda za a sallama da maganin ƙaiƙayi.

An janye dokar ta-ɓacin Zika a watan Nuwamban 2016, daga 2017 kuma adadin masu kamuwa ya faɗi warwas a nahiyar Amurka, galibi saboda mutane da yawa sun riga sun kamu sun samu garkuwa. Ƙwayar dai ba ta tafi ba. Ƙasashe da yankuna sama da 90 ne aka taɓa tabbatar da sauro na yaɗa ta a cikinsu, Indiya ta ga ɓullarta a Rajasthan a 2018, a Kerala a 2021, a Maharashtra a 2024, kuma ana ci gaba da samun ta a Tailan da sassan Latin Amurka. Yaran da aka haifa bayan annobar suna tasowa ba su da garkuwa. A ɗaya gefen kuma sauron Aedes albopictus ya kafu a kudancin Turai, har a 2019 aka samu mutanen da sauro ya sa wa Zika a garin Hyères na kudancin Faransa ba tare da sun je ko'ina ba. Saboda haka matafiyin da ya dawo inda irin wannan sauro yake yana da aiki biyu: wa'adin kwaroron roba domin iyalinsa, da kuma kare kansa daga cizo na tsawon mako uku, da man korar sauro da tufafi masu rufe jiki, don kada sauron unguwa ya ɗauki ƙwayar daga jininsa ya kai wa maƙwabta.